Zagayen Gobnait: ziyarar rijiya da na yi a madadin maƙwabciyata

Ranar 11 ga Fabrairu ba kamar sauran ranaku take ba a wurin mutanen Ballyvourney, wani ƙaramin gari a yammacin gundumar Cork ta ƙasar Ayilan. Ranar waliyyiyarsu ce, Gobnait, wadda ake cewa ta rayu a ƙarni na 6. Tun da safe motoci suke cika bakin hanya. A yi Mas, wato babbar ibadar 'yan Katolika, a cocin garin, sannan a ƙetare kogin Sullane a haura tudu zuwa tsohuwar maƙabarta, inda ake yin abin da suke kira zagaye: a bi wasu sanannun wurare ɗaya bayan ɗaya, ana tafiya ana addu'a, a ƙare a bakin rijiya. An ƙiyasta irin waɗannan rijiyoyi sun kai 3,000 a faɗin tsibirin, kusan kowace da waliyyinta da ranarta da cutar da aka san ta da ita, wata ta ido, wata ta ciwon baya, wata ta haƙori. Da yawansu ciyawa ta cinye, ba mai zuwa sai shanu. Ta Ballyvourney tana cikin waɗanda ƙafa ba ta ɗauke ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a birnin Cork, 'yar Katolika daga Kaduna. Na taso ina jin sunan Ayilan a bakin iyayenmu, domin fadoci da sistoci da yawa da suka koyar da su daga can suka zo, har ma Waliyyi Patrick na ƙasar shi ne waliyyin da aka danƙa wa Najeriya tun 1961. Amma abin da suka kawo mana na cikin coci ne da aji da asibiti. Rijiyoyinsu a gida suka bar su. Shi ya sa duk zaman da na yi a Cork ban san da wannan al'ada ba, sai ta dalilin maƙwabciyata.

Tsohuwa ce haifaffiyar wancan yanki, mijinta ya rasu, ni kuwa Mama nake ce mata. Tun tana yarinya take zuwa zagayen, amma a wannan shekarar ƙugunta ya hana ta ko da saukowa daga bene ba tare da an riƙe ta ba. Ga shi jikanta yana kwance ana yi masa maganin sankarar jini. Ta kira ni ta ce, "'Yata, ƙafafunki nake so ki ara mini." A al'adarsu wanda ba ya iya zuwa yana iya aika wani ya yi masa, kuma ana ɗaukarsa cikakken zagaye. Na ce mata ban san komai a kai ba. Ta ce ba wuya, akwai allo a wurin da ya zayyana komai, kuma duk wanda na tambaya zai nuna mini. Abu uku kawai ta ja mini kunne a kai: abin da nake zagayawa ya kasance a hannun damana, kada in tsallake ko wuri ɗaya, kada kuma in yi sauri. Ta ba ni carbinta da wata 'yar kwalba, ta faɗi sunan yaron sau biyu kamar ban san shi ba.

Daga Cork tafiyar ba ta cika awa ɗaya ba, a bi hanyar Killarney a wuce Macroom. Na isa ana yayyafi, ga sanyi mai shiga ƙashi.

Cocin ya cika maƙil. Yankin yana cikin 'yan wuraren da har yanzu ake magana da harshen Gelik, wato harshen asali na Ayilan, a gida, don haka yawancin addu'o'in da shi aka yi, ni kuma ina bi da Hausa a zuciyata, tunda tsarin Mas ɗaya ne ko'ina. Bayan an tashi ba wanda ya fita. Sai aka ja layi zuwa wani tebur a gaba, inda aka kwantar da wani ɗan mutum-mutumi na katako, siffar Gobnait, wanda tsawonsa bai kai santimita 70 ba. Masana sun ce a ƙarni na 13 aka sassaƙa shi. Fuskar duk ta goge saboda shekaru da hannayen mutane. Iyalin O'Herlihy ne suka riƙe shi kaka da kakanni, ana neman tsari da shi musamman lokacin annobar agana, kafin a miƙa shi ga fadan cocin garin a ƙarni na 19. Sau biyu kawai ake fito da shi a shekara, wannan rana da kuma Lahadin Fentikos, mako bakwai bayan bikin Ista.

A bakin ƙofa ake sayen ribon, wato siririn ƙyalle mai tsawo, launi iri-iri. Na sayi biyu, na Mama da na yaron. Na zuba wa matar da ke gabana ido don in ga yadda ake yi. Ta shimfiɗa ribon ɗin a kan siffar daga kai har ƙafa, sannan ta naɗa shi a wuya, ta warware, ta naɗa a ƙugu, ta warware, ta naɗa a ƙafafu. Leɓɓanta suna motsi. Tana da ribon kusan cikin hannu, kowanne kuma sai da ta yi masa haka, kuma ba wanda ya yi tsaki a layin. Wannan shi suke kira awon Gobnait. Ana kai shi gida a ajiye, in wani ya kwanta ciwo a ɗaura masa ko a sa a ƙarƙashin matashi. Da layi ya zo kaina na ji katakon da santsi a ƙarƙashin yatsuna, da sanyi. Na ambaci sunan yaron a kan na farko, na Mama a kan na biyu.

Na san a nan mai karatu zai ɗaga gira, ko Musulmi ne ko Kirista na wata ɗariƙa, domin ni ma na yi wa kaina tambayar a cikin layin. Abin da aka koya mana, kuma abin da na gaskata, shi ne Allah kaɗai ke warkarwa. Katako ba ya ji, ruwa ba ya ji. Waliyyi kuwa bawan Allah ne da ya riga mu, muna roƙonsa ya taya mu addu'a. Mutanen da na tsaya tare da su ba su yi mini kama da masu ruɗewa a kan haka ba. Har na ga wata da na sani a wurin aiki, wadda kullum hannunta cikin allura da ƙarin ruwa yake, ita ma riƙe da nata ribon.

Daga coci na haura zuwa maƙabartar. Zagayen yana farawa ne a gaban wani babban mutum-mutumi na dutse da masassaƙin Cork, Séamus Murphy, ya yi a farkon shekarun 1950. Gobnait ce a tsaye a kan amya, an zana ƙudan zuma a gindinta, domin ita ce waliyyiyar masu kiwon zuma. Labarin da ake bayarwa shi ne ɓarayin shanu sun taɓa far wa garin, ta saki zumanta a kansu, suka watsar da garken suka ranta a na kare. Wani dattijo mai hular ulu ya gan ni ina karanta allo, ya matso ya ce, "'Yata, wannan ne karonki na farko? Zo mu tafi tare." Na ce, "Na gode, Baba." Shi ya karanta addu'ar buɗewa da Gelik, ya fassara mini. Ma'anarta ita ce: Allah ya yi miki albarka, Gobnait mai tsarki, Maryamu ta gaishe ki, ni ma na gaishe ki, wurinki na kawo kukana, ina roƙon waraka saboda Allah. A nan ne mutum yake faɗin abin da ya kawo shi. Na faɗa a fili cewa ba don kaina na zo ba.

Tsarin addu'ar ba ya canjawa. A kowace tsayawa, "Ubanmu wanda ke cikin sama" sau bakwai, "A gaishe ki Maryamu" sau bakwai, "Ɗaukaka ga Uba" sau bakwai. Sannan a zagaya wurin a hankali ta bin hannun agogo, wato yadda rana take tafiya a sararinsu. Baba ya ce mutanen da sun ɗauki juyawa ta hagu a matsayin aikin mai neman tsine wa wani, shi ya sa ba mai yi ko da wasa.

Wuri na farko wani zagayayyen kango ne na duwatsu da ake kira gidan Gobnait. Katangar ba ta da tsawo, ana shiga ta wata 'yar ƙofa. A 1951, lokacin da ake shirin kafa mutum-mutumin, masanin tonon kayan tarihi M. J. O'Kelly ya haƙa wurin, ya tarar da ramukan wuta masu yawa da kashin ƙarfe, alamar an daɗe ana narka tama ana ƙira a nan. Baba ya faɗi haka da alfahari, domin maƙera ma suna ɗaukar Gobnait tasu ce. A gefen gidan akwai 'yar rijiya, amma ba ita ce ta ƙarshe ba.

A nan na fara ganin abin da ya fi tsaya mini a rai cikin ziyarar duka. A kan wasu duwatsu na ƙofar kangon akwai alamar gicciye, kuma ba magini ne ya yi ta ba. Kowane mai ziyara, in ya gama addu'arsa, sai ya ɗauki ɗan dutse da aka ajiye a wurin ya ja layi sama zuwa ƙasa, ya ja na gicciye, a kan sawun wanda ya riga shi. Jan mutum ɗaya ba ya barin komai sai 'yar farar ƙura. Amma layukan sun yi zurfi har yatsa yana shigewa, kamar yadda igiyar guga take cin itacen bakin rijiya. Na ɗauki dutsen, jiƙaƙƙe ne, gefensa ya lanƙwashe daidai yatsu. Da na ja sai na ji hannuna yana bin hanyar da kansa. Na tsaya ina tunanin yawan matan da suka tsaya a daidai nan da sunan wani yaro a bakinsu, waɗansu 'ya'yansu suka tashi, waɗansu suna kwance a bayan katangar nan. A wurin aiki na saba ganin iyalin majinyaci suna zaune a baranda, hannuwa a cinya, ba abin da za su iya yi sai jira, kuma jiran nan yana cin mutum. A wannan tudu an ba wa mai jira aikin yi. Yana da inda zai taka, da abin da zai faɗa, da adadin da zai cika, kuma yana yi ne cikin mutanen da kowannensu da nasa nauyin.

Daga nan muka shiga maƙabartar zuwa wani ɗan tudun duwatsu da ake cewa kabarinta ne. An tara masa kaya: carbi, sulalla, 'yan gicciye, hotunan mutane cikin leda, har da abin shaƙa na masu asma. Muka durƙusa a kan jiƙaƙƙen dutse. Gwiwoyin wandona suka jiƙe nan take, laka ta kama takalmina. Baba, wanda ya haura saba'in, ya durƙusa ya miƙe ba tare da ya dafa kowa ba.

Muna tafiya ya ba ni labarin yadda ta zo garin. An ce daga gundumar Clare ta fito, ta gudu daga rikicin dangi zuwa tsibirin Inis Oírr, inda har yanzu akwai ɗan kangon coci mai sunanta. Mala'ika ya ce mata ba nan ne wurin tashinta daga matattu ba, wato ba nan za a binne ta ba, ta yi ta tafiya har sai ta ga fararen bareyi tara suna kiwo. Ta ga uku a Clondrohid, ta ƙara gaba ta ga shida, sai a wannan tudu ta ga tara. Baba bai ce mini tarihi ne ba, bai kuma ce tatsuniya ce ba. Ya ce haka kakarsa ta faɗa masa.

Mafi tsawon aikin a kangon tsohon coci ne, gini na zamanin da wanda rufinsa ya daɗe da zubewa, ƙasan cikinsa kuma duk kaburbura ne. Ana zagaya shi ta waje ana jan carbi, sannan a tsaya a wasu wurare ciki da waje, kowanne da bakwai-bakwai ɗinsa. A saman wata taga ta kudu akwai 'yar siffar mace da aka sassaƙa a dutse, mutane suna miƙa hannu su shafa ta, musamman mata masu neman haihuwa. A ciki kuma, can saman bakan gini, akwai kan mutum da suke kira baƙin ɓarawo, wai wani ne ya yi sata aka mayar da shi dutse. Sai wani rami a jikin katanga, daidai shigar hannu. Na tura hannuna har gwiwa, na taɓa wani dunƙulallen dutse mai santsi ƙwarai. An ce shi Gobnait take jifa da shi ta rushe ganuwar da wani mai mulki yake ginawa don ya danne mutanen garin, in ya gina da rana, sai ita ta rushe. Wasu suna shafa ƙyalle a kansa su kai wa marar lafiya. Na shafa ribon ɗin yaron.

A zagaye na farko ina ƙirga addu'o'in ne kawai, ina tsoron kada lissafi ya kuɓuce mini. Yatsuna sun ƙage, ruwa yana gangarowa ta wuyan rigata. Can wajen tsakiya sai ƙirgar ta koma hannu, baki yana ta aikinsa, zuciya kuma ta sami sarari. Na yi wa yaron addu'a yadda ban taɓa yi ba, ni da nake ganinsa yana wasan ƙwallo a gaban gida. Na yi wa mahaifiyarsa. Na tuna majinyatana ɗaya bayan ɗaya, domin ranar 11 ga Fabrairu ita ce kuma ranar marasa lafiya ta duniya da Paparoma John Paul na biyu ya kafa a 1992. Ba wanda yake magana da ƙarfi. Takun takalma a kan tsakuwa kawai kake ji, da gunagunin addu'a cikin harsuna biyu, nawa na uku.

Abin mamaki ne a ce wannan al'ada ta kai yau, ganin irin dukan da ta sha ta ko'ina. A 1601 Paparoma Clement na takwas ya ba da wata alfarma ta musamman ga masu ziyartar wannan coci a ranar Gobnait, alamar tun lokacin wurin sananne ne har Roma. Bayan kimanin shekara ɗari, a 1704, majalisar da ke ƙarƙashin sarautar Ingila ta yi dokar hana taruwa a rijiyoyin waliyyai: tarar sule goma, wanda ya kasa biya a yi masa bulala a bainar jama'a. Mutane ba su daina ba, domin a zamanin da aka ƙwace wa 'yan Katolika coci-coci aka kori fadocinsu, bakin rijiya da kango su ne suka rage musu. Daga baya kuma shugabannin cocin Katolika da kansu suka juya wa bukukuwan baya. Suna da hujja, don ranar waliyyi a wurare da dama ta koma kasuwa da rawa da shan giya da faɗan sanduna tsakanin dangi. Sai babbar yunwa ta 1845 zuwa 1852 ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, ta kori wasu miliyan ɗaya zuwa ƙetare, mafi yawansu talakawan karkara masu jin Gelik, wato ainihin masu riƙe da rijiyoyin. A ganina abin da ya tsirar da irin na Ballyvourney shi ne ba ya bukatar shugaba. Ba fada a gabanmu, ba mai karɓar kuɗin shiga, ba mai rubuta suna. Uwa ce take nuna wa 'yarta, ko baƙo kamar ni ya sami dattijo ya ja shi.

Bayan kangon sai a fita daga maƙabartar a gangara wata 'yar hanya cikin itatuwa, ana ƙarasa sauran carbin a tafe. Rijiyar tana nan a ƙarƙashin bishiyoyi. Ba irin tamu mai zurfi ba ce, idon ruwa ne da aka kewaye da duwatsu, ana sauka 'yan matakala a ɗiba da hannu. An jera kofuna a gefe. A jikin bishiyar da ke kusa an rataya carbi da ƙyallaye da safar jarirai da 'yan takardu. Asalin al'adar a rijiyoyin ƙasar shi ne a shafa ƙyalle a wurin ciwo a ɗaura a reshe, yadda yake ruɓewa haka ake fatan ciwon ya tafi. Shi ya sa ban ji daɗin ganin leda da kayan roba a wurin ba, ba sa ruɓewa, bishiyar kawai suke shaƙewa. Muka yi bakwai-bakwai na ƙarshe. Baba ya ɗebi ruwa ya yi alamar gicciye a goshinsa, ya kurɓa, ya miƙo mini kofin. Sanyinsa ya riƙe mini haƙora. Na cika kwalbar Mama, na ja gicciye na ƙarshe a kan dutsen bakin rijiyar. Duka zagayen ya ci fiye da awa ɗaya. Baba ya ce in gaida mai aiken, in kuma dawo a Fentikos lokacin da rana take daɗewa ba ta faɗi ba. Ban tambayi sunansa ba, shi ma bai tambayi nawa ba.

A hanyar komawa kwalbar ce ta dame ni. Ruwan ƙasa ne da ba a tace ba, a yankin da shanu da tumaki suke kiwo, kuma yaron da ake yi wa maganin sankara garkuwar jikinsa ta yi ƙasa sosai, ƙwayar cutar da ba za ta yi wa lafiyayye komai ba tana iya kwantar da shi. Tafasawa kuma ba mafita ba ce a wurin tsofaffinsu, domin sun taso da cewa ruwan rijiyar waliyyi ba a ɗora shi a wuta, har suna cewa ko an ɗora ba ya tafasa. Na yanke shawarar faɗa mata gaskiya kai tsaye. Na ce, "Mama, ga saƙonki, an cika komai. Amma don Allah kada yaron ya sha, kada kuma ya taɓa inda aka sa masa robar allura." Ta ce dama ba ta yi niyyar ba shi ya sha ba, ɗigo ɗaya a goshi ya isa, shi ma sai in likitocinsa sun yarda. Ta tambaye ni ko na sa hannu a ramin katanga, ko na tsaya a taga, ko layin ribon ya yi tsawo bana. Na ba ta amsa ɗaya bayan ɗaya. Washegari 'yarta ta zo ta karɓi ribon ɗin yaron, na ce ta sa shi cikin 'yar leda mai tsabta ta nuna wa ma'aikatan ɗakin kafin ta ajiye masa a gefen gado, ta kuma yi hakan.